Fentin Ɗakin Gudiya

Shekarar da albasa ta yi wa Mamuda na Sabiyal kirki, bai sayi babur ba, bai ƙara gona ba. Ɗaki ya gina wa mahaifiyarsa Gudiya, na bulo da siminti, da rufin kwano da taga mai ƙyauren ƙarfe, a tsakar gida daura da tsohon ɗakinta. Ba don alfahari ya yi ba. Tsohon ɗakin na ƙasa ne, tun mahaifinsa na raye aka gina shi, kuma a daminar bara bangon gabas ya tsage tun daga sama har ƙasa, tsagar da hannun mutum ke shiga. Maginin da ya duba ya ce yaɓe ba zai yi maganin komai ba, ɗakin ba zai ga ƙarshen wata daminar a tsaye ba. Saboda haka abin da ke gaban Mamuda guda ne, tsohuwa ta bar ɗakin nan kafin ruwa ya sauka.

An gama gini, an yi daɓe, an kafa ƙofa, tsohuwa ko gezau. Da farko ta aiko cewa siminti bai bushe ba. Da ya bushe ta aiko cewa ƙarar kwano za ta hana ta barci. Daga bisani ta aiko da wadda ta fi su ƙarfi: ita tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa kwana a ɗakin da ba a shafe da farar ƙasa ba, ba kuwa za ta fara da tsufanta a ɗaki mai bango ruwan toka kamar murhu ba.

Aikowa take yi, don Mamuda ɗan fari ne, ita kuwa Gudiya irin matan da ne masu riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Tun da aka yaye shi aka kai shi wurin kakarsa a Jiga Makera, sai da ya isa riƙe fartanya ya dawo. Ba ta taɓa kama sunansa ba. In za ta yi zancensa sai ta ce "wancan", bayan ya yi aure kuma ya zama "maigidanki". Kullum da safe yana durƙusawa a ƙofar ɗakinta, kansa a ƙasa, ya gaishe ta, ita kuma ta amsa daga ciki fuskarta na kallon bango. In sun yi kiciɓis a tsakar gida ta ja mayafi ta juya. Duk wata magana mai tsawo matarsa Murjanatu ce ke ɗauka ta kai ta dawo da amsa, ko da kuwa su ukun suna jin numfashin juna. Babu wanda ya taɓa ganin laifin wannan a Sabiyal, shi kansa Mamuda yana jin daɗi in aka yabi alkunyar uwarsa.

Farar ƙasa ba ta kama siminti, gogewa take yi a jikin tufafi. Mamuda ya ce to fenti za a yi, kuma ya riga ya san irin wanda yake so. Akwai Malam Bulus, malamin gona mutumin Kagoro da gwamnati ta kawo Jega, wanda Mamuda ke zuwa wurinsa shawarar iri da taki har abin ya zama abota. Falon Malam Bulus a gidajen ma'aikata yana da wani launi mai sanyin ido, ba fari fat ba, ba kuma rawaya ba. Duk zuwan da Mamuda ya yi sai ya sha ruwa yana satar kallon bangon.

Ya hau mota zuwa Jega, ya nufi shagon Rufa'i mai fenti, ya kwatanta masa abin da yake nema. Rufa'i ya sauko da galan biyu ya buɗe ya ajiye masa a gaba. Ɗaya ya ce sunansa ruwan madara, ɗayan ruwan hauren giwa.

Mamuda ya leƙa wannan ya leƙa wancan, ya ce, "Wanga da wanga ai ɗaya na."

Rufa'i ya ce, "Ɗaya na ga mai gaggawa. Kai dai tahi ka gwada su ga bango."

Ya ɗiba masa kaɗan-kaɗan a gwangwanin tumatir biyu, ya ɗaure bakinsu da leda. Da Rufa'i ya san halin wanda ya ba, da galan guda ya miƙa masa ya ce shi kaɗai ya rage. Mamuda mutum ne da in ya ɗaga albasa sau ɗaya ya san wadda za ta yi ajiya da wadda za ta ruɓe, amma a kan hula ko takalmi yana iya yini a kasuwa ya dawo hannu rabbana. Ruwan ido dai Allah ya ba shi rabonsa.

Ya shafa su a bangon da ke fuskantar taga, kowanne faɗin tabarmar salla, gefe da gefe. Da suna ɗanye bai ga bambanci ba. Da suka bushe sai kowanne ya fito da halinsa. Da hantsi ruwan madara ya fi haske, ɗakin har ya yi kamar ya ƙara faɗi, shi kuwa hauren giwa ya yi duhu-duhu kamar farar rigar da ta sha wanki. Bayan la'asar sai labari ya sauya: ruwan madara ya yi fayau, ya koma kamar bangon asibiti, hauren giwa kuma ya yi ɗumi, ya yi kyau, ya zama falon Malam Bulus sak. Mamuda ya dangwala yatsa a jar ƙasa ya shafa wa kowanne, ya ga ruwan madara ya tona asirin dattin nan take, hauren giwa ya rufa masa. Ya kunna fitilar ƙwai da rana tsaka ya kara a jikinsu don ya ga wanda hayaƙi zai fi ɓatawa. Zuciyarsa na wurin hauren giwa, amma duk safiyar da ya leƙa sai ruwan madara ya sake ruɗa shi.

Shawara ɗaukar ɗaki, in ji masu magana, sai dai wannan ɗakin masu ɗaukarsa sun yi yawa. Maƙwabcinsa Yari ya shigo ya tsaya ya riƙe ƙugu, ya ce shi duk fari ya gani, a shafa kowanne a huta. Malam Bulus da ya zo duba rudun da ake ajiye albasa ya ce hauren giwa mana, ai shi ne na manya. Murjanatu ta ce ita dai wanda ba zai sa ta goge bango kullum ba. Mamuda ya saurari kowa, ya ce mai ɗaki ita ta san abin da take so, a tambayi Inna.

Murjanatu ta je ta dawo. "Tac ce ba ta ida dubawa ba."

"To ta shiga ta duba mana."

"Tac ce sai gida ya yi shiru."

Washegari ma ba ta gama dubawa ba, haka jibi. Mamuda ya fara jin haushi, irin haushin da ba shi da wurin saukewa, don ba a yi wa uwa faɗa, balle uwar da ko kallonka ba ta yi. Ya ɗauka ɗakin ne bai yi mata ba. Wani lokaci har ya kan raya a ransa cewa da ƙanensa ne ya gina, da tuni ta tare tana sa albarka. Ana cikin haka zafi ya ƙaru, iska ta juyo daga kudu, masu zuwa cin kasuwa suka kawo labarin an yi ruwa a Maiyama har ya kwanta a kwari. Mamuda ya zaga bayan tsohon ɗakin ya duba tsagar, ya ga ta ƙara buɗewa, ya kasa cin tuwon kirki ranar.

Ran nan ya fita da sassafe zuwa Aliero, za su yi lodin albasar da za ta tafi kudu. Motar ba ta zo ba, aka ce sai gobe. Ya dawo gida tun kafin azahar, ya tarar da gidan tsit: Murjanatu ta tafi barkar haihuwa, yara suna makarantar allo. Ya yi sallama a hankali, ba wanda ya amsa, ya ɗauka tsohuwa na barci. Sai ya ce bari ya ga yadda fentin ke yi in rana na tsakiya, tun da ya ga na safe ya ga na yamma. Ya shiga sabon ɗakin, ya kife bokiti a lungun da ke nesa da ƙofa, ya zauna ya zuba wa bangon ido.

Bai daɗe ba ya ji motsi a tsakar gida, tafiya ce a hankali, ana jan ƙafa. Ta ƙofar da ke buɗe ya hango Gudiya. Ya yunƙura zai yi gyaran murya don ta san yana ciki ta juya kamar yadda ta saba, sai ya lura da yadda take tahowa. Hannunta ɗaya na bin dangar kara, ɗayan a miƙe a gabanta. Inda dangar ta ƙare ta tsaya, ta tura ƙafa ta taɓa ƙasa, sannan ta tako. Da ta iso, dokin ƙofa ya bugi yatsunta, ta dafe bango ta ce bisimilla, ta ɗaga ƙafa sama fiye da yadda ake bukata ta shigo.

Ta bi bango da tafin hannu. Ƙafarta ta ture gwangwanin fenti, ta sunkuya ta laluba shi ta mayar da shi jikin bango. Hannunta ya bi ta kan ruwan madara, ya wuce ta kan hauren giwa, bai tsaya a kan ko ɗaya ba. Ta taɓa taga, ta shafa ƙyaurenta, ta ci gaba har ta iso lungun da yake zaune. Nan ta tsaya, ta fuskance shi, tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce kamu biyu ba.

Mamuda yana da furfura a gemu, amma bai taɓa ganin fuskar uwarsa gaba da gaba ba sai ranar. Ya ga zanen da ke kumatunta, ya ga hancinsa ne a fuskarta, ya ga ba ta kau da kai ba. Abin da ya fara zo masa daɗi ne, daɗi irin na yaro, cewa yau Inna ta dube shi. Sannan ya ga idanun. Ƙwayar ta yi fari-fari kamar an ɗiga mata koko, kuma ba a kansa suke ba, suna can bisa kafaɗarsa. Daɗin ya koma baƙin ciki tun bai gama jin sa ba. Ya riƙe numfashi, hawaye na bin gemunsa, yana tsoron ya motsa ya kunyata ta. Ta ɗan jima a tsaye, sannan ta juya ta bi bangon ta fita yadda ta shigo.

Da Murjanatu ta dawo ya kira ta zaure, inda tsohuwa ba za ta ji ba.

"Tun yaushe Inna ba ta gani?"

Murjanatu ta sunkuyar da kai. "Tun kakar bara abin yaf fara. Yanzu haske da duhu kaɗai taka rarrabewa."

"Kina sane kika bar ni ina yawo da gwangwani?"

"Malam, amana tab ba ni. Tac ce in ka ji za ka ɗauke ta ka kai a yanke mata ido. Ɗakinta kuwa ta san shi da hannu, ta san inda komi yake, ba mai gane ba ta gani. Wancan sabon ko ƙohwa tai ba ta sani ba."

Ya so ya yi faɗa, ya rasa wanda zai yi wa. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to shi fuskar ce aka hana shi tun yana goye, shi ma kuma ya taya su hanawa, don ko sau ɗaya bai taɓa ɗaga kai a ƙofar ɗakin nan ba. Yari ya san tsohuwa ta daina zuwa unguwa, yara sun san ita ba ta zura zare a allura yanzu. Shi da ke gaishe ta kowace safiya shi ne na ƙarshen sani.

Washegari bayan an yi lodi ya wuce Jega, gidan Malam Bulus. Ba wurin maigidan ya je ba, wurin matarsa Agatha ya je, wadda ke aikin jinya. Ya ba ta labari yana kallon ƙasa. Ta ce ga alama yanar ido ce, kuma sau da yawa ana cire ta a Sakkwato mutum ya koma gani, amma sai an duba tukuna.

Ya ce, "Wannan sai a hankali, Sista. Yanzu ruwa nika tsoro. Cikin hwentin nan biyu wane za ni shahwa?"

Agatha ta ce, "Malam Mamuda, ka manta da na falonmu. Ka shafa wanda ya fi haske, ko kaɗan ne zai taimake ta. Bakin ƙofa da taga kuma ka yi musu launi mai duhu, yadda za ta gane inda suke."

Abin da ya hana shi barci tsawon bazara ya ƙare a magana biyu. Ya je wurin Rufa'i ya ɗauki ruwan madara ba tare da ya ko kalli ɗayan ba, ya haɗa da ƙaramin gwangwani na kore shar. Rufa'i ya buɗe baki zai yi masa tsiya, ya ga fuskarsa, ya fasa.

Da hannunsa ya yi fentin, bai kira kowa ba. Ya shafe ɗakin sau biyu, hauren giwan da ya ƙwallafa wa rai ya ɓace a ƙarƙashi. Ya zagaye ƙofa da taga da kore. Ya samo guduma ya fasa dokin ƙofar ya daidaita shi da ƙasa. Sannan ya tsare Murjanatu da tambaya, don shi tun da ya girma bai taɓa shiga ɗakin uwarsa ba: in an shiga, gado na wane hannu, randa na ina, ina take rataye mayafi, ina buta ke kwana, ina kwandon audugarta da mazari. Ya kafa ƙusa a inda ƙusa take, ya sa dutsen da za a ɗora randa a bayan ƙofa. Ya bar taga a buɗe har warin fentin ya fita.

Ranar da warin ya fita, da la'asar, hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, iska ta fara kwasar ganye a tsakar gida. Mamuda ya je ƙofar tsohon ɗakin ya durƙusa inda ya saba. Murjanatu ta tsaya a tsakani. Ya yi magana da ƙarfi yadda ba sai an maimaita ba.

"Ki ce ma Inna an ida hwenti. Ki ce mata gado na hannun dama, randa na bayan ƙohwa, komi awa nan. Na hwashe dokin ƙohwa, ba abin da ka bugun ƙahwa." Sannan ya ƙara, "Ki ce mata ba mai kai ta ko'ina sai da yardatta. Amma bangon ga ba ya kai sahe in ruwan ga ya sauka, ni kau ba ni iya tashi nan in bar ta ciki."

Murjanatu ba ta maimaita ba, tsohuwa ma ba ta jira ba. Muryarta ta fito daga ciki, a sanyaye.

"Ki ce ma maigidanki na san shina ciki ran nan. Ido yat tahi, hanci na nan. Wa ka ɓoye manomin albasa cikin ɗaki?" Ta numfasa. "Bakina ba ya iya hwaɗa mai. Shi yas sa nit tsaya shi gani da kai nai."

Murjanatu ta share ido da gefen zane, ta shiga ta fara fito da kaya da sauri, tabarma da kwanuka da kwandon auduga, tana kaiwa sabon ɗaki. Da ta dawo ta kama hannun tsohuwa, sai tsohuwa ta zame.

"Ke tahi ki gyara shimhiɗa. Miƙo min karan can."

Murjanatu ta zaro kara guda daga danga ta ba ta, ta wuce. Gudiya ta fito bakin ƙofa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta kau da kai gefe kamar yadda ta yi shekara da shekaru. Sannan ta riƙe gindin karan, ta miƙa ɗaya bakin wajen da ɗanta ke durƙushe.

"Ki ce mai shi riƙa," in ji ta, ko da yake Murjanatu ta riga ta yi nisa.

Mamuda ya miƙe ya kama bakin karan. Ya shiga gaba a hankali, yana jin nauyin hannunta ta cikin karan, ita kuma tana biye, yayyafi ya fara sauka a kansu.